Lisansin Rakiya da Tsakuwar Aya

Samarin da ke zama a ƙofar mangazata, wato shagon da nake tara aya, nan Sabon Gari, suna jiran fasinja a kan baburansu, kullum zancensu ɗaya ne: wai cinikin aya ba sana'a ba ce, saye ne da sayarwa, duk mai jari zai iya. Ba na musu da su. Wanda ya fi surutu nake miƙa wa tiya, kwanon awonmu, in ce ya auna mini buhu guda. Kafin ya kai tiya goma sha biyar ƙugunsa ya ƙage, lissafi ya ɓace masa, kuma har yau ban ga wanda ya lura da abin da ke wucewa ta hannunsa ba. Kwanan baya ɗayansu ya tambaye ni, wai ƙanensa ya samu bak, takardar gama sakandare, shin a tura shi jami'a ya karanta kasuwanci ko a haɗa masa jari. Ya ce ni zan sani, tunda na biya wa ɗiyata. Na biya ɗin kuwa. Amma kafin in ce komai a kan takarda, sai kun san abin da tiya take yi.

Awo na farko da na yi da hannuna a kasuwar Tibiri ne, ina saurayi, ƙarƙashin kawuna Na-Allah, ƙanen mahaifiyata. Wani dattijo ya kawo buhu biyu a kan jaki. Muka farke baki, muka juye a tabarma, na durƙusa na auna tiya tamanin ba tare da na ɓata lissafi ba, na miƙe ina jiran yabo. Kawu bai dube ni ba. Ya ɗebi aya cikin tafinsa, ya ɗaga hannu sama, ya sake ta cikin tiyar da babu komai.

"Mi ka ji?"

Na ce ban ji komai ba. Ya sake. A karo na uku ne na ji wani ɗan ƙara mai kaifi a tsakiyar sautin ayar, kamar an jefa kwabo cikin kwano.

"To wanga da ka ji, shi za ka biya da kuɗɗin aya in ba ka kula ba."

Bai yi wa dattijon faɗa ba. Ya dai rage masa farashi, dattijon ya yi dariya ya karɓa, suka rabu suna tambayar iyalin juna.

Ga abin da ke ciki. Aya a cikin rairayi take, tono ta ake yi a tankaɗe da rariya. Rairayi ya zube, amma tsakuwar da ta yi daidai da girman aya tana nan, launinsu ma kusan ɗaya. Ba ta fita sai mata sun zauna sun tsince da hannu, kuma tsinta kuɗi ce. Manomin da ya san za a duba kayansa zai biya a tsince. Wanda ya san ba za a duba ba, ba zai biya ba. Ban kira wannan sata ba, amma tun daga ranar ban ƙara yarda da bakin buhu ba, ko na ɗan'uwana ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa: tiya, rariya, tabarma biyu, basilla da zaren ɗinka buhu. Masu ganin mun duƙa muna awo sai su ɗauka rashin wayewa ce ta hana mu sayen ma'auni. Abin da ba su sani ba, kowace tiya sai ta bi ta tafin hannunka. Kana awo kana jin nauyi, kana ganin wadda ta ruɓe, kana sauraren ƙara. Kafin ka gama buhu ka san mai shi fiye da yadda maƙwabcinsa ya san shi.

Masu saye kuma kowa da halinsa. Matan da ke yin kunun aya tiya biyu ko uku suke ɗauka, amma sun fi kowa tsanani, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata musu injin niƙa. Fataken Katsina da Kano su zo da nairarsu, su yi ta kushe kaya alhali sun riga sun kira mota. A cikin masu kawo mini aya kuwa, mutum ɗaya ne ban taɓa kamawa da komai ba, Malam Bulus, wani manomi Kirista daga bayan Tibiri. Shekara talatin muna tare. Shi da kansa yake farke buhunsa ya juye tun kafin in ce. Duk da haka ina saurarar ayarsa kamar ta kowa, shi kuma ya tsaya yana mini dariya.

Rakiya ita ce ta uku a ƴaƴana. Yayyenta maza biyu, ɗaya ya tafi Aljeriya neman kuɗi, ɗaya tela ne, ko ƙurar aya ba ya so. Ita ce tun tana ƙarama take gama lissafin buhu kafin in gama, don haka a raina na daɗe da sanin wanda zan bar wa mangaza, ko da ban faɗa wa kowa ba. Da ta samu bak sai ta ce jami'ar garinmu za ta shiga, ta karanta jestiyo, wato ilimin tafiyar da kasuwanci. Na tambaye ta ko malamin da zai koya mata ya taɓa sayar da tiya guda ta wani abu. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ni ma abin da nake zato ke nan. Uwarta Hajara ce ta tsaya mata, ni kuma na yarda, ina ganin kuɗin rajista ba wani abu ba ne.

Ashe rajista ce ƙarama a ciki. Yau kuɗin kabu-kabu, gobe na fotokofi, jibi a ce sai da ordinata, wato kwamfuta. Duk takardar da ta kawo sai in juya ta gaba da baya, ko da ba na karanta Faransanci, don ta san ana kallo. Ban taɓa kama ta da ƙarin dala ɗaya ba, kuma ban daina juyawa ba.

A shekararta ta biyu aka rufe iyakar ƙasa. Na riga na cika mangaza da aya har rufi, ina jiran fataken Kano. Ba su zo ba. Waɗanda suka ratso ta daji suka taya da kuɗin da ko na buhu da dako bai mayar ba, naira kuma kullum sai faɗuwa take. Na zauna wata biyar ina kallon kayana suna cin jarina. A lokacin ne abu ya zama biyu: ko Rakiya ta bar karatu, ko in sayar da garkar da na gada a fadamar Jiratawa, wadda ke ba mu zogale da tattasai rani da damina. Hajara ta ce, "In ka hidda ta yanzu, abin da anka kashe ya tahi banza." Na sayar da garkar. Ranar da na karɓi kuɗin ban ci abinci ba. Daga nan duk lokacin da na ga Rakiya da jakar littattafai za ta makaranta, garkar nake gani tana tafiya lakwal.

Ta gama, ta kawo lisansinta, wato takardar digiri, aka sa shi cikin leda. Sai aka shiga shekarar yawo. Ta kai takardun neman aiki banki, ta kai ofisoshin ƙungiyoyi, ta yi wata shida a wani wuri tana aikin koyo babu ko sisi, kuɗin kabu-kabu ma ni nake biya. Ƙawayenta da suka gama tare, wata tana sayar da turare a waya, wata ta koma koyarwa. Na fara yi mata ba'a a gida, in ce a kula da ledar nan kada gara ta cinye mana garka. Takan yi murmushi kawai. Wata safiya ta ce za ta bi ni mangaza. Na ji daɗi ƙwarai, amma ban nuna ba.

Aikin da ya raba mu ya zo ne bayan wata huɗu. Wani kamfani mai fitar da aya ƙasashen waje ya buɗe wurin saye a bakin gari. Ni ko ƙofar ban leƙa ba, domin ba na son mai saye da ke magana da takarda. Rakiya ta rubuta musu wasiƙa, ta je ta dawo, ta je ta dawo, sai ga ta da kwantiragi: buhu ɗari, kowanne kilo ɗari, aya mai tsabta, cikin mako uku, a farashin da fataken Kano ba su taɓa ba ni ba. Ta karanta mini sau biyu. Na ce zan yi tunani, na ɗauki takardar a ɓoye na kai wa wani maƙwabcinmu tsohon malamin lakwal. Abin da ta faɗa shi ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Na sa hannu. A nan dole in faɗi gaskiya: shekara talatin da takwas ina aya, ban taɓa samo ciniki irin wannan ba, kuma takardar nan ce ta samo shi.

Sai ta ce tunda kamfani da kilo yake biya, mu ma da kilo za mu saya. Ta aro baskil, babban ma'aunin da ake ɗora buhu a kai, ta auna buhuna goma da na ɗinka da hannuna, kowanne tiya arba'in. Babu biyu da suka zo daidai.

"Ka gani, Baba? Tiya wani ya yi mata tozo, wani ya tare da hannu. Da wanga ba mu iya sanin ribarmu. Baskil ba ya da aboki."

Gaskiyarta ce, amma a gaban ƴan dako ta faɗa, abin ya tsaya mini a rai. Na ce ta yi yadda aka koya mata. Muka sayi baskil na hannu.

Ranar kasuwar Tibiri ta farko, kafin azahar ta sayi buhu talatin, aikin da yake ɗaukar ni yini da rabi. Ba juyewa, ba durƙuso. A farke baki kaɗan, ta sa hannu ta duba, a ɗinke, a ɗora, ta rubuta, ta biya. Mutane suka taru suna kallo. Ni ma ina kallo, sai dai fuskokin masu kallon nake duba, kuma ban so yadda wasu suka yi shiru suna gyaɗa kai ba.

Kasuwa ta biyu sai ga amalanke daga ƙauyukan da ban taɓa ciniki da su ba. Buhuna ɗinkakku tsaf. Wani bai ma cika har wuya ba, amma ya haye kilo ɗari. Na kama kunnen ɗaya na ɗan ɗaga, nan take na san abin da ke ciki. Tsakuwa ta fi aya nauyi nesa ba kusa ba. A tiya ɗan wuri take ci, kuma za ka ji ta. A baskil kuwa ita ce riba. Labari ya zagaya cewa ɗiyar Isuhu ba ta juye buhu, sai kowa ya daina biyan masu tsinta, wasu ma na tabbata ƙari suka yi, suka rufe sama da aya mai kyau.

Malam Bulus ya juye nasa a tabarma kamar kullum, ko da Rakiya ta ce ba sai ya wahala ba. Sannan ya ja ni gefe.

"Isuhu, kana ganin abin da nike gani? Buhunan can ko jaki ya san ba aya ba ce zalla. Ka hwaɗa wa ɗiyarka."

"Bar ta, Malam Bulus. Ita ta yi karatu, ni ban yi ba."

"Kuɗɗinka ne hwa."

"Na sani."

Ya juya ya koma wajen jakinsa. Na gaya wa kaina cewa buhu kaɗan ne, gara ta ƙone yatsa sau ɗaya ta koya. Ƙarya nake yi wa kaina. So nake in ga takardar da ta cinye mini garka ta faɗi a gaban tiya. Kasuwa ta uku ma na je, na zauna a inuwa, na ja bakina na yi shiru.

Da muka kai kaya, mutanen kamfanin ba su ko taɓa bakin buhu ba. Wani ƙarfe mai rami suka riƙa cakawa a tsakiya da gindi, suna zubawa a faranti. Buhu saba'in suka mayar mana. Rakiya ta shiga ofis ta yi ta magana da su, ta fito da kwana goma na gyara, a kan farashin da aka rage. Muka sake biyan mota, muka ɗebo mata goma sha biyu masu tsinta, ga ayar cike gurbi da sai mun saya bayan ta yi tsada. Asarar ta kusa kai rabin kuɗin garka. Da aka juye buhun farko a ƙofar mangaza, tsakuwa ta gangaro, sai na ce da ƙarfi, "Ga lisansi nan, a zo a tsince." Ƴan dako suka fashe da dariya. Rakiya ta ɗaure ɗankwalinta, ta zauna a tabarma cikin matan.

Kwana goma tana nan daga safe har la'asar, yatsunta suka farfashe. Wata tsohuwa a cikinsu, Inna Tamo, ita ta nuna mata yadda ake sakin aya cikin kwano a saurara. Ina zaune a kujerata ina jin ƙarar, abin da ya kamata ta koya a hannuna tun ranar farko.

A rana ta takwas Malam Bulus ya kawo mana buhu shida na cike gurbi. Ya ga hannuwanta, tausayi ya kama shi, ya ce ba tare da wata manufa ba, "Sannu ɗiyata. Ai tun ranar kasuwa ta biyu na hwaɗa wa babanki." Yana rufe baki ya gane abin da ya yi. Ta jira sai da matan suka tashi, sannan ta shigo ciki ta tsaya a gabana.

"Baba, ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ɗaga buhun hwarko."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"So nike ki koya."

"Da ka ce mini in juye buhu guda, da na koya a nan take, ba a kashe ko dala ba. Koyo kake so in yi, ko so kake ka ga karatuna ya hwaɗi?"

Na so in ce yarinya ba ta yi wa ubanta irin wannan tambaya. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba a gaban babba ko yaro. Ta ce, "Shi ke nan, Baba," ta fita ta naɗe tabarmi.

Ta kai buhu ɗarin a ranar da aka sa, ba a mayar da ko ɗaya ba. Shugaban wurin ya ga wadda aka kora da buhu saba'in ta dawo da kaya tas cikin kwana goma, ga Faransanci, ga lissafi, ga kunnen da ya san tsakuwa. Ya ce yana neman mai karɓar kaya. Ta bi ta hannun uwarta ta nemi izinina kamar yadda ya kamata. Hajara ta ce mini, "Kalma guda za ka hwaɗi ta zauna." Na san kalmar. Girman kai ya hana ni. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Shekara biyu ke nan. Na yi lissafi a ɓoye, domin ba na yarda da abin da ake faɗa mini: albashinta ya riga ya wuce kuɗin garka da asarar tsakuwa a haɗe. Ita ke biya wa ƙannenta lakwal. Don haka mai tambaya ko takardar tana biya, tana biya, ga wanda ya samu inda zai sa ta, kuma na ga da yawa da ba su samu ba. Sai dai ku tambaya wa take biya. Ni na sayar da garka, wani ne yake cin amfanin abin da na shuka, kuma da hannuna na miƙa masa. Mangazata tana nan, idona ya fara rauni, kunnen hagu ma ba kamar da ba, kuma babu wanda zan bar wa ita.

Fataken Kano sun ragu, don haka yanzu ni ma kamfanin nake kai wa. Watan jiya na kai buhu ashirin. Rakiya tana zaune bayan baskil, amma ta sa an shimfiɗa babbar leda a gabansa, kowane buhu sai an juye kafin a auna, ga tiya a gefenta. Ta taso ta gaishe ni har ƙasa, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Sannan ta ɗebi ayata, ta ɗaga hannu, ta saki. Ta sake. Ta rubuta wani abu, ta miƙo mini takarda. Kilo uku ta cire a kowane buhu.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni za ki cire wa? Da hannuna na auna ta, tiya bayan tiya."

Ta matso kusa don kada ƴan dako su ji, ta ɗebi tafi guda, ta saki daidai kunnena na dama. Na ji ƙarar, sau biyu.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce a hankali. "Ni in na ga tsakuwa, hwaɗi nike yi."

Na sa hannu a takardar. Na tsaya a bakin ƙofa ina jujjuya ta, ina neman yadda zan ce mata ta dawo, har aka kira mai kaya na gaba.